Tarihin Falsafa a Ƙasashen Musulmi

Falsafa, a wurin malaman da suka yi ta cikin harshen Larabci, ilimi ne na binciken haƙiƙar samammun abubuwa gwargwadon ikon hankalin ɗan Adam, tun daga manɗiƙi, wato ƙa'idojin da ke tsare tunani daga kuskure, zuwa ga sha'anin ɗabi'a da lissafi da taurari, har ya tuƙe a kan ilahiyyat, inda ake magana a kan Mahalicci da ruhi da makomarsa. Tushenta yana ƙasar Yunan. Sukurat, wanda mutanen Atina suka yanke wa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, bai bar littafi ko guda ba, sai almajirinsa Aflatun ne ya adana muhawarorinsa. Shi kuwa Aristo, almajirin Aflatun, wanda ya rasu a 322 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ne ya rarrabe fannonin nan, ya ba kowanne babinsa, har malaman baya suka yi masa laƙabi da Malami na Farko.

Littattafan nan sun daɗe suna yawo tsakanin makarantun Iskandariyya da majami'un Kiristoci masu magana da Suryananci kafin su shigo hannun Musulmi. Bayan da Halifa Mansur ya kafa Bagadaza a 762, aikin tarjama ya kankama, ya kuma bunƙasa a zamanin Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, sa'ad da halifofi da wazirai da attajirai suke zuba dukiya don a mayar musu da ilimin Yunanawa cikin Larabci. Babban gwanin wannan aiki shi ne Hunainu ɗan Ishaƙu, likita Kirista da ya rasu a 873, wanda ya ba da labarin yadda ya karaɗe Iraƙi da Sham da Falasɗinu da Masar yana neman wani littafi guda na likita Jalinus, bai samu ba sai kimanin rabinsa a Dimashƙa. A cikin wannan tarjama aka yi wani tuntuɓe mai dogon tasiri, domin an jingina wa Aristo wani littafi mai suna Usulujiya, alhali kuwa guntayen maganganun Aflutin ne, wani failasufi dabam da Aflatun, wanda ya rasu a 270 Miladiyya, mai cewa halittu suna kwararowa daga Na Farko daraja bayan daraja. Da wannan ra'ayi na kwarara aka gina rabin ilahiyyat ɗin masu falsafa, kuma a kansa rigima ta tashi daga baya.

Kindi, wanda ake kira Failasufin Larabawa, ya rasu a wajajen 870, shi ne ya fara rubuta falsafa da alƙalamin Musulmi, yana mai riƙe da cewa duniya fararriya ce, tana da mafari. Sai dai tun a wannan lokaci ba kowa ya yi maraba da baƙuwar ba. A wajajen 932, a majalisar waziri Ibnul Furat, an haɗa Abu Bishir Matta, malamin manɗiƙi, da Abu Sa'id Sirafi, malamin nahawu, inda Matta ya kafe a kan cewa ma'anoni ɗaya ne a wurin kowace al'umma, Sirafi kuwa ya ce manɗiƙin nan nahawun Yunanawa ne kawai aka yi wa ado, wanda ya ƙware a Larabci ba ya bukatarsa. Farabi, wanda ya rasu a Dimashƙa a 950, shi ya daidaita manɗiƙi cikin Larabci har aka kira shi Malami na Biyu, ya kuma rubuta littafi a kan birni mafifici da siffofin shugaban da ya cancance shi.

Wanda ya kai fannin ƙololuwarsa shi ne Ibn Sina, haifaffen kusa da Bukhara a 980, wanda ya faɗa da bakinsa cewa ya karanta littafin ilahiyyat na Aristo sau arba'in har ya haddace shi ba tare da ya gane manufarsa ba, sai ranar da ya sayi wani ɗan littafin Farabi a kasuwar littattafai, sannan ƙofa ta buɗe masa. A cikin littattafansa Shifa da Isharat ya kasa samammu gida biyu: mai yiwuwar samuwa, wanda zatinsa bai hukunta masa samuwa ko rashi ba, don haka yana bukatar wani ya rinjayar da samuwarsa, da Wajibin Samuwa, wanda ba ya bukatar kowa, kuma dukkan masu yiwuwa, kome yawansu da tsawon jerinsu, gare Shi suke jingina. Wannan hujja tana da ƙarfin da ya sa hatta masu sukarsa ba su iya barinta ba. Ya rasu a Hamadan a 1037, ya bar Ƙanun a fannin likitanci, wanda aka yi ƙarnuka ana karantawa a jami'o'in Turai.

Imam Gazali, Allah Ya yi masa rahama, bai soki abin da bai sani ba, kuma wannan adalci nasa ya isa abin koyi. Yana malami a Nizamiyya ta Bagadaza ya tsara manufofin masu falsafa a littafi guda, ya kuma fito da Tahafutul Falasifa a 1095, inda ya bi su mas'ala ashirin, ya kafirta su a uku: cewa duniya daɗaɗɗiya ce ba ta da farko, cewa Allah Ya san jumlar abubuwa ban da ɗaiɗaikunsu, da cewa tashin ƙiyama na ruhi ne ban da jiki. A mas'ala ta 17 ya kawo misalin wuta da auduga, yana cewa abin da ido ya gani shi ne ƙonewa ta auku a yayin haɗuwarsu, amma ido bai ga cewa wutar ce ta aikata ba, don haka haɗuwar sababi da musabbabi al'ada ce da Allah Ya gudanar, yana kuma iya keta ta. Sau da yawa akan ce wannan littafi ne ya kashe falsafa a ƙasashen Musulmi, amma tarihi bai goyi bayan wannan magana ba, domin Gazalin nan shi ne ya sanya muƙaddima ta manɗiƙi a farkon Mustasfa, littafinsa na usulul fiƙhi, yana ganin ba a amince wa ilimin wanda bai san ma'aunin hujja ba.

Amsa ta zo daga yamma. Ibn Rushd, alƙalin Ƙurɗuba, Bamalike, mai Bidayatul Mujtahid da malaman fiƙihunmu suka sani, ya rubuta Tahafutut Tahafut yana bin Gazali mas'ala bayan mas'ala, ya kuma kafa hujja a Faslul Maƙal cewa shari'a da kanta ta yi umarni da nazari, kuma gaskiya ba ta karo da gaskiya. An yi fushi da shi a ƙarshen rayuwarsa, aka kore shi daga fada, sannan aka maido shi, ya rasu a Marrakush a 1198. Sharhohinsa a kan Aristo sun fi samun kasuwa a wurin Yahudawa da Nasara, waɗanda suka juya su zuwa Ibrananci da Latin. A gabas kuwa Fakhruddin Razi, wanda ya rasu a 1210, ya shigar da mas'alolin Ibn Sina cikin ilimin kalam, Suhrawardi ya kafa mazhabar ishraƙi kafin a kashe shi a Halab a 1191, Mulla Sadra kuma ya raya fannin a Farisa a ƙarni na 17. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya rubuta raddi mai kaifi a kan masu manɗiƙi.

Ta hanyar tauhidi da manɗiƙi wannan gado ya iso ƙasar Hausa. Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi yana kare halaccin manɗiƙi, alhali Suyuɗi yana haramta shi. Almajirin da ya zauna a zaure yana karanta Ummul Barahin ta Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, malam yana fassara masa cewa hukuncin hankali uku ne, wajibi da mustahili da ja'izi, yana aiki ne da ma'aunin da ya bi ta hannun Ibn Sina da Razi, ko da bai taɓa jin sunayensu ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya karantar da tauhidi, amma ya tsawatar ƙwarai ga ɗaliban kalam da suke kafirta talakawa don ba su iya jera hujjojin hankali ba. Jikansa Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864, ya zurfafa cikin hikima da sufanci, ya yi wallafe-wallafe a kansu, kuma abin takaici ne yadda sunansa bai kai kunnen yawancin 'yan makarantarmu ba.

Sullam na Akhdari, waƙen manɗiƙi na ƙarni na 16 da ake haddacewa a makarantun ilimi, ya ambaci saɓanin malamai a kan fannin, ya rinjayar da halaccinsa ga mai kaifin basira wanda ya riga ya ƙoshi da Alƙur'ani da Sunna. Mai son shiga wannan kogi sai ya fara da shi da Ummul Barahin a gaban malami, sannan ya ɗauki Tahafut ɗin Gazali da na Ibn Rushd ya karanta su tare.