Daga Zauren Sarki Zuwa Allon Kwamfuta: Tarihin Rubuta Shawarar Hukuma a Ƙasar Jega

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Idan muka waiwaya muka dubi yankinmu na Katanga, wato Jega da Aliero da Maiyama, za mu tarar an fi shekara ɗari ana zaman majalisa a kanmu, ana yanke shawara kan harajinmu da kasuwanninmu da rijiyoyinmu, ana kuma rubuta abin da aka yanke. Amma mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa riƙe irin wannan takarda a hannunsa?

Tun lokacin da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa Jega wajen 1820, garin yana ƙarƙashin Gwandu ne, kuma rubutu ba baƙo ba ne a wannan daula ta Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Sarakuna kan aika wa juna wasiƙu da Larabci, a buga hatimi. Amma shawarar fada da baki ake yin ta, idan an gama sai sankira ya zaga gari ya yi shela. Talaka yakan ji hukunci, ba ya jin muhawarar da ta haifar da shi, kuma da zarar dattawan da suka halarci zaman sun kwanta dama, shi ke nan maganar ta bi su.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sai suka mayar da Gwandu wani yanki na Lardin Sakkwato, suka kafa En'e da Baitulmali, suka kawo akawu da magatakarda masu rubutun boko. Daga nan takarda ta yawaita: lissafin haraji da jangali, rahoton rangadi, da bayanin zaman majalisar sarki. To, sai dai duk wannan rubutu sama yake kallo. Daga hakimi sai Birnin Kabi, daga nan sai teburin Di'o, sai Razdan a Sakkwato, sai Kaduna. Ba a yi shi domin manomin Maiyama ko ɗan kasuwar Jega ya karanta ba, an yi shi ne domin mai mulki ya san abin da na ƙasa da shi yake yi.

A 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisa a Kaduna ya nemi a yi wa tsarin En'e gyara, domin ya yi nisa da talakawa. Cikin 'yan shekaru aka daina ɗaukar sarki shi kaɗai a matsayin hukuma, aka koma sarki da majalisarsa, kuma dokar En'e ta 1954 ta tattara waɗannan gyare-gyare. Majalisun gunduma suka samu wakilai, littattafan taro suka ƙaru. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sannan gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi irin waɗanda muka sani, masu ciyaman da kansiloli. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, sai hukuma ta ƙara matsowa kusa da mu. Hukumar ta matso, amma takardunta suna nan a kulle, da Turanci, a cikin kabad ɗin sakatare.

Abin mamaki shi ne, yau ya fi sauƙi mai bincike ya san abin da aka tattauna a kan ƙasarmu a zamanin Turawa fiye da abin da kansiloli suka tattauna shekara ashirin da suka wuce. Fayilolin Lardin Sakkwato suna ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ga Gidan Arewa da aka kafa a 1970, ga kuma cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Amma duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin ajiyar wata sakatariya ya san abin da gara da yoyon damina suke yi wa takarda. Ingila kuwa, wadda ta koya mana kulle fayil, tun 1985 ta yi doka da ta ba kowa damar duba bayanan taron ƙaramar hukumarsa, yanzu ma a intanet ake zuba su.

Mu ma doka ta buɗe mana ƙofa. Ranar 28 ga Mayu, 2011, aka sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ce a amsa wa mai neman takardar hukuma cikin kwana 7. An daɗe ana gardama ko ta shafi jihohi, har Kotun Ƙoli ta yanke a 2025 cewa ta hau kan kowane mataki na gwamnati. Kafin nan, ranar 11 ga Yuli, 2024, kotun ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Duk inda kuɗi suka sauka kuwa, akwai zaman da aka yi aka raba su, kuma haƙƙinmu ne mu ga bayanin wannan zama.

A nan ne manhajar kwamfuta take da amfani. Aikinta ba wani siddabaru ba ne: a ɗauki hoton kowane shafi, a jera bisa rana da mazaɓa da batu, ta yadda mai noman albasa a Aliero zai rubuta kalmar "kasuwa" a wayarsa, sai duk zaman da aka ambaci rumfuna ko kuɗin shiga ya bayyana, da ranarsa da abin da aka amince a kashe. Ga jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, don haka ba za a rasa matasan da za su iya wannan aiki ba. Amma tarihin da muka bi ya nuna mana cewa na'ura kaɗai ba ta isa ba. Idan magatakarda bai rubuta gaskiyar abin da aka faɗa ba, ko aka zuba bayanin da Turanci tsantsa, to, an sake kabad ne kawai, kullen yana nan.

Saboda haka akwai aiki a gabanmu, mu marubuta. Mu ne ya kamata mu fara rubuta takardar neman waɗannan bayanai, mu fassara su zuwa Hausa, mu kuma matsa a ceto tsofaffin littattafan taro kafin gara ta ƙarasa su. A cikinsu akwai rigimar burtali tsakanin manomi da makiyayi, da labarin rijiyar da aka biya kuɗinta ba a haƙa ba, da kansilan da ya ƙi ɗaga hannu shi kaɗai. Mai neman abin da zai gina ƙagaggen labari ko wasan kwaikwayo a kai ba zai rasa ba, haka ma jikokinmu idan sun zo tambayar yadda aka mulke mu. Allah Ya sa mu dace, amin.