Kakuri, Daga Masaƙa Zuwa Teburin Mai Gyara

Wanda ya ratsa Kakuri ranar Litinin, ranar da kasuwar unguwar ke ci, zai ga kayan gwanjo iri-iri: tufafi, takalma, dutsen guga, fanka, wani lokaci har da injin zuƙe ƙura wanda wata uwargida a Ingila ko Jamus ta gama amfani da shi. Hanyar da injin nan ya biyo kafin ya iso gefen titi a kudancin kogin Kaduna tana ɗauke da tarihin yankin kansa.

Da ƙera sabon kaya Kakuri ta fara suna. A 1957, zamanin Firimiya Sa Ahmadu Bello, Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe masaƙar KTL da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead & Sons na Ingila. A 1964 aka kafa masaƙar UNTL da masana'antar makamai ta DICON, sannan a 1975 Peugeot ya fara harhaɗa motoci. Dubban ma'aikata suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa. Kowane inji kuwa yana buƙatar mai duba shi idan ya cije, da mai sake naɗa masa waya idan ya ƙone. Ta haka yankin ya tara ƙwararrun masu aikin lantarki da walda.

Al'amura sun juya a 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin SAP, darajar naira ta faɗi. Albashin ma'aikaci ya daina kai wa ga sabon firji ko sabuwar mota. Sai kasuwar tsofaffin kayan Turai ta buɗe, har harshe ya yi musu suna: a Legas tokumbo, a nan Arewa ɗan Beljiyam ko ɗan Kwatano. Masaƙun kuma suka yi ta fama da rashin wuta, da tsadar baƙin mai, da atamfar fasa-ƙwauri mai araha. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Yankin da ya saba ƙera sabo ya koma rayar da tsoho.

Injin zuƙe ƙura yana nuna yadda sana'ar ke tafiya. Kwantena kan sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas, kaya su bi ta kasuwanni irin su Alaba, sannan su hau mota zuwa Arewa. Wanda ba a gwada ba ya fi araha, sai dai mai sayensa caca yake yi, ribarsa na hannun mai gyara. Na Ingila ya fi dacewa da mu, domin wutarmu da tasu duk kusan bolt 230 ce, filoginmu ma iri ɗaya ne. Na Amurka an yi shi don bolt 120, ana jona shi kai tsaye zai ƙone. Sau da yawa matsalar ba ta wuce gawayin motar injin da ya cinye ba, ko matatar da ƙura ta toshe, ko waya da ta tsinke. Idan aka gyara, masu wankin mota da otal-otal da masallatai masu shimfiɗar kafet su ne masu saye.

Sana'ar tana da nata haɗari. Abin da ya ƙi gyaruwa yakan ƙare a hannun 'yan jari-bola, waɗanda wasunsu ke ƙona roba don ciro tagulla, hayaƙin ya bi unguwa. Dalilin irin wannan ne aka ƙulla Yarjejeniyar Basel a 1989, aka kuma kafa hukumar NESREA a 2007.

Akwai kuma barazanar da ta fi wannan shiru. Sababbin injuna marasa waya suna aiki ne da batir da allon lantarki. Tsofaffin da suka koyi aiki a masaƙa suna ƙarewa, babu kuma masaƙar da ke yaye wasu. Idan makarantun fasaha na Kaduna ba su haɗa ilimin waɗannan dattawa da na sabon zamani ba, Kakuri za ta rasa gyaran kamar yadda ta rasa saƙar.