Tiyatar ƙwaƙwalwa bisa jagorancin hoto

Tiyatar ƙwaƙwalwa bisa jagorancin hoto hanya ce da likitoci ke bi su isa daidai wurin da ciwo yake ba tare da sun lalata abin da ke kewaye da shi ba. Kafin aiki ana ɗaukar hoton kan majinyaci da sikanar ko IRM, kwamfuta ta haɗa hotunan su zama taswira. Lokacin aikin, likita na ganin inda bakin kayan aikinsa ya kai a kan allo. Ana wannan taka-tsantsan ne domin kuskuren milimita kaɗan na iya taɓa magana, gani ko tafiyar mutum.

Asalinta

A 1947 Ernest Spiegel da Henry Wycis na Amurka suka fara aiki da wani ƙarfe da ake kafawa a kan majinyaci don auna wurin da za a nufa. Lars Leksell na Suwidin ya ƙera nasa a 1949, daga baya ya ƙirƙiro Gamma Knife, na'urar da ke tattara haske mai ƙarfi kan ƙari ba tare da an buɗe ƙoƙon kai ba. Fitowar sikanar a 1971 ta ba likitoci damar ganin ƙwaƙwalwar kanta, bayan shekarun da aka yi ana dogaro da hoton ƙashi.

Cututtukan da take taimakawa

A 1987, a birnin Grenoble na Faransa, Alim-Louis Benabid da Pierre Pollak suka nuna cewa siririyar waya da aka dasa can cikin ƙwaƙwalwa, tana aika ƴar wutar lantarki, na tsayar da karkarwar hannu. Ana haɗa wayar da batir da ake sawa ƙarƙashin fatar ƙirji. Ana amfani da dabarar ga masu cutar Parkinson. A 2016 Amurka ta amince da wata hanyar kuma: ƙona ɗan wurin da ke jawo karkarwa da igiyar sauti, IRM na nuna hanya.

Haka nan ana cire ƙari, ana kuma yi wa masu farfaɗiya aiki idan magani ya gaza. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 7 cikin 10 na masu farfaɗiya magani kaɗai zai iya tsayar musu da faɗuwa.

Iyakarta

Ƙwaƙwalwa kan ɗan gusa da zarar an buɗe kai, taswirar ta daina dacewa. Shi ya sa wasu asibitoci ke sake ɗaukar hoto ana tsakiyar aiki. Akwai haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Wayar da ake dasawa tana rage alamun Parkinson, amma ba ta hana cutar ci gaba. Tsadar na'urorin da ƙarancin ƙwararru ne suka sa har yanzu aikin bai kai ga mafi yawan masu bukatarsa ba.