Jarirai Marasa Gata a Yankin Shuɗin Nilu: 'Yan Mishan da Ƙauyukan Hausawan Sudan

1.0 Gabatarwa

Kowace al'umma tana fuskantar ranar da uwa za ta rasu ta bar jinjiri, ko kuma a haifi ɗan da dangi ke gudu. A irin wannan rana tambaya ɗaya ce: wa zai ɗauke shi? Wannan maƙala ta dubi yadda aka amsa tambayar a wurare biyu na ƙasar Sudan a ƙarni na 20, wato ƙauyukan Hausawa da ke Jazira da gaɓar kogin Shuɗin Nilu, da kuma tashar 'yan mishan ta Chali da ke kudu da su. Abin da maƙalar ke son nunawa shi ne, aikin renon jarirai na mishan ya kafu ne a inda abubuwa biyu suka haɗu: izinin gwamnatin mulkin mallaka, da kuma jaririn da al'ada ta bari ba mai ɗauka.

2.0 Zuwan Hausawa Jazira da Shuɗin Nilu

Tun kafin zuwan Turawa alhazai daga ƙasar Hausa suke ratsa Sudan a ƙasa zuwa Makka. Tafiyar takan ɗauki shekaru, ana yada zango ana noma ko ƙodago don neman guzuri. Amma ƙaura mafi girma ta biyo bayan yaƙin Burmi na watan Yuli 1903, inda sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na I. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da sauran jama'a, Fulani da Hausawa, har suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu wajen shekarar 1906. Garin da suka kafa kudu da Sinnar har yau da sunansa ake kiransa, wato Mai Wurno.

A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babban shirin noman auduga na Jazira, wato ƙasar da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Shirin ya buƙaci ma'aikata masu yawa, 'yan Afirka ta Yamma kuwa suka zama ƙashin bayan aikin. Mutanen Sudan suna kiran su Fallata ko Takari. Masana irin su Mark Duffield (1981) da Bawa Yamba (1995) sun yi nazarin rayuwarsu, shi kuma Al-Amin Abu-Manga ya nazarci yadda Hausarsu ta cuɗanya da Larabci.

Wannan doguwar tafiya ta fi yi wa ƙananan yara nauyi. Ana haihuwa a hanya, ana mutuwa a hanya. Rahotannin jami'an Ingila na shekarun 1920 sun yi ta kokawa a kan yadda ake sayar da wasu yaran 'yan Afirka ta Yamma a Hijaz a matsayin bayi. Ke nan akwai marayu da yara marasa gata a cikin waɗannan jama'a, kamar yadda ake da su a ko'ina.

3.0 Dokar da Ta Raba Arewa da Kudu

Bayan da Ingila da Masar suka karɓe Sudan daga hannun Mahadiyyawa a 1898, hukumomi irin su Lord Cromer da Gwamna Wingate sun ji tsoron duk abin da zai sake tunzura Musulmi. Saboda haka aka hana 'yan mishan yin wa'azi a tsakanin Musulmin arewacin ƙasar. An dai bar ƙungiyar CMS ta buɗe asibiti a Umdurman da makarantun 'yan mata a wasu birane, har da Wad Madani, babban birnin Jazira. Amma filin wa'azi sai a kudu, inda aka rarraba yankuna ga ƙungiyoyin mishan daban-daban.

Wannan tsari ya yi kama da na Nijeriya ta Arewa, inda Lugga ya yi wa sarakuna alkawari a 1903 cewa gwamnati ba za ta tsoma baki a addininsu ba. A can ma yaran da mishan ta fi samu su ne waɗanda suka rabu da danginsu. Misali, a 1909 ƙungiyar Sudan United Mission ta buɗe gidan yara 'yantattun bayi a Rumasha kusa da kogin Binuwai, ta sa masa sunan Lucy, matar Karl Kumm wadda ta rasu a 1906. Haka kuma a ƙarshen shekarun 1930 ƙungiyar SIM ta karɓi asibitocin kutare na Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato, inda ake raba jarirai da iyayensu masu ciwon don gudun kamuwa.

4.0 Tashar Chali da Tagwayen Uduk

Ita wannan ƙungiya ta SIM, wato Sudan Interior Mission, an kafa ta ne a 1893 da nufin shiga ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Kalmar "Sudan" da ke cikin sunanta tana nufin ƙasashen baƙar fata na kudu da Sahara baki ɗaya. Daga cikin mutum uku da suka fara zuwa, Walter Gowans da Thomas Kent sun mutu a 1894, Rowland Bingham ne kaɗai ya koma gida. A 1927 ƙungiyar ta shiga Habasha, amma da Italiya ta mamaye ƙasar sai aka kori ma'aikatanta a 1937. Wasunsu suka tsallaka iyaka zuwa Sudan, suka buɗe tashoshi a Doro cikin mutanen Mabaan, da kuma Chali cikin mutanen Uduk a 1938. Chali tana kusa da Kurmuk, a cikin jihar Shuɗin Nilu ta yau, wadda Hausawa da yawa ke zaune a garuruwanta irin su Rusairis da Damazin.

Mutanen Uduk a lokacin masu addinin gargajiya ne, don haka dokar hana wa'azi ba ta shafe su ba. A al'adarsu ta wancan zamani haihuwar tagwaye abin tsoro ce, ana ganin tana jawo bala'i, ba a kuma barin jariran su rayu. Malcolm Forsberg, ɗan Amurka da ya yi aiki a Chali tare da matarsa Enid, ya ba da labari a littafinsa na 1958 na yadda tashar ta zama mafaka ga tagwaye da uwarsu. Rayuwar irin waɗannan yara ba tare da wani bala'i ya sauka ba ita ce hujjar da ta fi wa'azi ƙarfi a idon jama'a.

Sai dai kuskure ne a ɗauka mutanen Uduk ba su da tausayin yara. Masaniyar halayyar al'umma Wendy James ta bayyana wata al'ada tasu da ake kira Gurunya, sunan wani tsuntsu. Idan mace tana haihuwa 'ya'yan suna mutuwa, to, jaririn da ta haifa daga baya sai matan gari su ɗauke shi tamkar tsintacce, a mayar da shi ɗan kowa, ana yi masa gata na musamman. Wato tagwaye ne kaɗai suka faɗa a wani gurbi da al'ada ba ta tanadar wa mai ɗauka ba, a wannan gurbi kuwa mishan ta shiga.

Aikin bai daɗe a hannun Turawa ba. Gwamnatin Janar Abbud ta kafa dokar taƙaita ayyukan mishan a 1962, sannan ta kori 'yan mishan na waje daga kudancin ƙasar a 1964, har da na Chali. Cocin ya ci gaba a hannun 'yan Uduk, har yaƙin basasa ya tarwatsa su zuwa Habasha a 1987.

5.0 Tanadin Hausawa Game da Jinjiri Maraya

A ƙauyukan Hausawa kuwa, ban da dokar gwamnati, akwai tanadin da jama'a suka zo da shi daga gida. Na farko shi ne riƙo. A al'adar Bahaushe ko iyaye suna raye akan ba kaka ko goggo ko inna yaro bayan yaye, balle idan uwa ta rasu. Tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, misali ne: Baba ba ta haihu ba, amma ta riƙe 'ya'yan dangi. Na biyu shi ne shari'a. Hausawa da mutanen Sudan duk mabiya mazhabar Malikiyya ne. A shari'a shayarwa tana ƙulla 'yan'uwantakar da ke haramta aure, ɗaukar ɗan tsintuwa farali ne a kan al'umma, sannan ba a sauya wa yaro nasabarsa. Saboda haka ɗan riƙo yakan tashi da sunan ubansa da gādonsa da addininsa.

Ɗalibin harshe zai ga alamar wannan tanadi a cikin sunaye. Talle shi ne yaron da ya yi rashin iyaye yana ƙarami. Audi shi ne wanda aka haifa bayan rasuwar mahaifinsa. Ajuji da Ayashe sunaye ne na 'ya'yan mai wabi, wato matar da 'ya'yanta ke mutuwa. Akan nuna kamar an yar da jaririn don mutuwa ta ƙyale shi, abin da ya yi kusa da hikimar Gurunya. Tagwaye kuwa suna da sunayensu na girmamawa, Hassan da Husaini ko Hassana da Usaina, mai bi musu kuma Gambo. Al'ummar da ta tanadi suna ga yaro ta riga ta tanadar masa wurin zama.

Duk da haka tsarin yana da nasa gurbin. Ɗan da aka haifa ba ta hanyar aure ba yakan rasa mai ɗauka saboda gudun abin kunya, a tsakanin Musulmin Sudan kamar yadda yake a ƙasar Hausa. Irin waɗannan jarirai ne suka fi yawa a gidan Maigoma na Hartum, wanda gwamnati ta kafa a 1961. Da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu 2023, jarirai da dama sun mutu a gidan saboda yunwa da rashin masu kula. A watan Yuni na shekarar ƙungiyar agaji ta Red Cross ta kwashe kusan yara 300 zuwa Wad Madani, a watan Disamba kuma aka sake kwashe su da faɗa ya iso birnin.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ƙungiyar da aka kafa domin ƙasar Hausa ta wayi gari maƙwabciyar Hausawa a Sudan, amma aikinta na ceton jarirai a wajen wasu mutane ya gudana. Doka ta tsare ƙofar ƙauyukan Hausawa, riƙo da shayarwa kuma suka ɗauki marayunsu. Tarihin Chali da na Maigoma sun nuna cewa kowace al'ada tana da jaririn da take juya wa baya: a wani wuri tagwaye, a wani wuri ɗan gaba da Fatiha. Hausawa na cewa ɗa na kowa ne. Ma'aunin gaskiyar wannan magana shi ne halin da wancan jariri yake samun kansa a ciki.