Roka, top silinda da darasin kawuna a Paki

1/ Jama'a ku matso, yau tarihin roka za mu taɓa. Wannan tsohuwar Marsandi 911 mai bodin katako da kuke gani tana jan rake daga Makarfi ko tumatir daga Kudan. Kun taɓa tambayar me ya sa har yau ba ta mutu ba?

2/ A garejin kawuna na tashi a Paki, ni ne mai miƙa sifana. Abin da ya fi faɗa mini shi ne: roka ɗaya da ka gani a hanya, gawar roka uku ce a cikinta.

3/ Asalinta Jamus. A 1959 Mercedes ya fito da wannan ƙira mai gajeren hanci. A 1964 ya kawo injin OM352, silinda shida, lita 5.7. Shi aka sa wa 911 da 1113, har da Unimog. Mota daban-daban, inji ɗan gida ɗaya.

4/ A shekarun 1970 gwamnati ta jawo kamfanonin haɗa manyan motoci: Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, sai ANAMMCO na Marsandi a Inugu da aka kafa a 1977. Lokacin akwai kuɗin mai, kaya ya lalace ka sayi sabo.

5/ Sai 1986, Babangida ya kawo SAP, naira ta faɗi. Sabon kaya ya gagari mai mota ɗaya. Nan kasuwar gwanjo ta buɗe: Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano. Top ɗinka ya tsage? Ka je ka ciro na wadda ta yi hatsari.

6/ Top shi ne kan inji, inda bawul da nozul suke zaune. Manifol kuma hanyar da iska ke bi. Tunda injin ɗan gida ɗaya ne, top ɗin 1113 yakan hau bulok ɗin 911. A kai shi a goge fuskarsa, a sa sabon gasket, a ɗaure notuna bi da bi daga tsakiya zuwa gefe.

7/ Amma fa kama da wane ba ta wane. Tsohon OM321 yana da ɗan ɗaki a cikin top inda gas ke fara kamawa. Shi OM352 kai tsaye nozul ke fesawa cikin ramin da ke kan fistin. Ka ga ba a cakuɗa su. Haka mai tobo, fistin ɗinsa da saitin famfonsa daban ne.

8/ Na ga aya da idona. Wani direba ya sayo tobo da bututunta daga gwanjo, ya ce a ɗora wa injinsa marar tobo. Kawu ya ce, "Maigida, ba zai ɗauka ba, sai an canza fistin." Ya yi fushi ya kai wani wuri aka ɗora, aka ƙara masa gas.

9/ Lodin farko na tumatir zuwa Legas, ko Jebba bai kai ba inji ya yi zafi, fistin ya narke. Kwandunan manoma kusan goma suka ruɓe a gefen titi. Bashin nan ne ya ci motar.

10/ Kawu bai yi boko ba, amma lambar jikin bulok yake fara dubawa kafin ya taɓa komai. Wannan ilimi ba a rubuce yake ba, a kan dattawa yake, kuma suna ƙarewa.

11/ In akwai tsohon bakaniken roka a unguwarku, ka je da wayarka ka ɗauki hirarsa tun yana nan. Allah ya jiƙan kawu, ya jiƙan namu baki ɗaya.