Daga Gudun Kwanika Zuwa Tazarar Haihuwa

A da, a ƙauyukan Anka, Gummi da Bukkuyum, abin kunya ne mace ta yi kwanika, wato ta ɗauki ciki da goyo a baya. Mai haihuwar fari gidan iyayenta take zuwa wankan jego, ta yi kwana arba'in tana shan kunun kanwa, wata ma ta zarce watanni. Shayarwa kuwa sai an doshi shekara biyu, daidai da abin da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata, sannan a kai yaro yaye wurin kaka.

Tsofaffi sun ce nonon mai ciki ne ke lalata yaro. Bayanin bai yi daidai ba, amma idonsu ya ga gaskiya. Da ciki ya shiga sai a cire yaro daga nono rana ɗaya, a koma da shi kan koko tsurarsa, gudawa ta biyo baya, tamowa ta kama shi. Na cikin ma yakan zo da ƙarancin nauyi, don uwar ba ta murmure ba.

Al'adar na da nata giɓin. Dakashi, nonon farko mai kare jariri daga cuta, matse shi ake yi a zubar, kuma a ɗura wa jariri ruwa. Nan asibiti ya shigo. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla na wata 6, wanda kan jinkirta ciki muddin haila ba ta dawo ba. A 2005 masananta suka ce a jira wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin. Kakanni dai sun riga su.

Sai dai ƙasar ta canja. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Daga baya 'yan bindiga suka tarwatsa garuruwa, jama'a suka kwarara cikin Anka. Wadda ta yi gudun hijira ina ta ga gidan uwa da za ta je wanka? Yau hutun da al'ada ke bayarwa ya koma hannun allura da ƙwayar asibiti, ga shi asibitocin ƙauye da dama a rufe suke, hanyar zuwa na Gummi ko Anka kuma ba kullum take biyuwa ba.