Yadda Linka Ta Koyi Tayar da Manhaja

Da asuba a bakin ruwan Yauri, mai kwale-kwale ba ya ɗaukar fasinja sai ya kwalfe ruwan da ya kwana a ciki, ya duba mai, ya ja igiyar inji. Manhajar da ke cikin wayarsa ma tana da irin wannan shiri kafin ta fara aiki, kuma linka ce ke tsara shi, wato manhajar da ke ɗinke guntayen shiri su zama abu ɗaya.

Da farko ɗinki kawai take yi. Tsohon tsarin Unix mai suna a.out ɗakuna uku ya tanada: na umarni, na bayanai, da na wurin da ba a cike ba tukuna. Sai Bjarne Stroustrup ya fito da C++ daga Bell Labs a Amurka, aka sake shi ga jama'a a 1985. Harshen ya zo da abubuwan da dole a gina su tun kafin a shiga main, wato babbar ƙofar shirin, amma babu ɗakin ajiye jerinsu. Aka ƙirƙiro dabara: wani ɗan shiri, munch, ya leƙa sunayen da ke cikin manhajar da aka haɗa, ya rubuta jerin, a sake haɗawa. Aiki biyu ke nan, kamar mai ɗinkin da ke farke riga don ya sa aljihu. GCC, manhajar fassara shiri, ita ma ta bi wannan hanya da collect2.

Sabon tsari mai suna ELF, wanda ya zo da System V Release 4 a ƙarshen shekarun 1980, shi ya warware ƙullin, domin ya ba da damar ɗakuna masu suna. Aka samu ɗakunan shirin tashi: .init, sannan .ctors, daga baya .init_array.

Bayan shirin tashi, kula da kuskure ya fi wuya. Hanyar farko, setjmp da longjmp, tana cin lokaci ko da komai na tafiya lafiya. A ganina nan ne aka yi hikima: aka rubuta taswirar komawa baya a .eh_frame, ba a buɗe ta sai matsala ta auku. GCC 3.0 ta rungumi ƙa'idar Itanium a 2001, linka kuma ta koyi jera taswirar a .eh_frame_hdr don a gano wurin da sauri. Linux ta koma ELF tun tsakiyar shekarun 1990, Android ta gada daga gare ta, har tsarin ya iso aljihun masunta a Ngaski da Shanga.